Jita Biyu a Shagon Dorota

Asabar. Dusar ƙanƙara ta rufe titunan Chicago.
Na kakkaɓe takalmi a ƙofar shagon Dorota,
farcena baƙi da man injin motocin safa,
dala ɗari biyar da arba'in a aljihun ƙirji,
gumin aikin dare na wata bakwai.

Can sama, bayan gilashi da kwaɗo,
tsohuwar na rataye.
An ƙera ta shekarar da aka haifi yayata Vernice.
Janta ya koɗe, ya koma launin shayi,
fenti ya tsattsage kamar diddigen manomi,
inda hannun wani ya shekara talatin yana goga
katako ya fito fili, sumul.
Takardar farashi ta ba ni baya. Na leƙa.
Dubu ashirin da takwas.
Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Irinta mahaifina ya riƙe.
Daren Juma'a a gidan rawa, Lahadi a coci,
tsirkiya shida, ba ta taɓa tona masa asiri ba.
Sanyin da uwarmu ta kwanta asibiti
ya fita da ita cikin akwati,
ya dawo da maɗaurin fata kawai
da takardar biyan kuɗin gado.
Bai sake fito ba, ko a wurin aske gemu.

"Lemuel," in ji Dorota, "kallo ba ya kiɗa."
Ta sauko da wata daga layin ƙasa,
sabuwa fil, tana ƙamshin kwali da gam,
daga wata masana'anta a hayin teku.
Ciki rabi rami, rabi gungume,
tsaga biyu a kumatu kamar na tsohuwar,
kamar 'yar da ta ɗebo kamannin kaka
ba ta gaji ko cokalinta ba.

Ta buɗe kwaɗon ma. Ta jona su duka biyu.

Ba zan yi muku ƙarya ba.
Tsohuwar tana da wani abu a maƙogwaro,
hayaƙi-hayaƙi, kamar muryar wanda ya sha kuka ya huce.
Da tsohuwar zuma ake magani, na sani.
Amma na riƙe ta kamar jaririn maƙwabci,
ina tsoron maɓallin rigata, ina tsoron numfashina,
yatsuna suka manta hanyar gida.

Sabuwar kuwa, bakin ƙarfenta ya karce ni,
tsirkiya ta uku na zamewa kamar mai bashi.
Na matsa ta. Na ja. Na lanƙwasa sauti har ya yi ƙara,
ramin cikin ya amsa, ya ɗumama mini haƙarƙari,
wani yaro mai gwada ganga ya tsaya cak.

"Kaifin nan, zarto zai gyara," in ji Dorota.
"Waccan, wani likitan haƙori zai zo ranar Talata.
Yana da goma sha ɗaya a ɗaki mai ma'aunin laima.
Bai iya ko waƙa ɗaya ba."
Ta gyara tabarau.
"Lokacin da ubanka ya sayi tasa, sabuwa ce.
Kaɗan-kaɗan ya biya. Ubana ne ya rubuta."

An ce araha ba ta ado.
To, ba ado na zo nema ba.

Na ƙirga ɗari huɗu da casa'in a kan tebur,
ragowar na tsirkiya da kuɗin jirgin ƙasa.
Na zaro maɗaurin daga aljihun kwat.
Fatar ta bushe, ramin ya buɗe da tsufa,
sai da Dorota ta naɗa masa zare.

A jirgi na tsaya, akwati tsakanin ƙafafuna.
Kafin mu kai tasha ta uku
ƙofa ta buge shi, na ji ƙwas daga ciki.
Tabon farko.
Saura shekara talatin.